Maigidana ya ce ɗanɗanawa kawai ya yi a Jamus, kuma ɗanmu na kallo

Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekararmu 19 da maigidana, 'ya'yanmu uku. A hutun watan Agusta muka tafi Jamus gaba ɗayanmu, wurin ƙaninsa da ke aiki a birnin Munik. Kwana na biyu aka kai mu wani babban lambu, ga bencina a ƙarƙashin itatuwa, ga lilon yara, sai da muka zauna na lura giya ce a kan kowane tebur. Ƙanin nasa ya kawo mini wani abu ya ce lemo ne, sunansa Radler, na sha kusan rabi kafin na ji ɗacinsa ba irin na lemo ba ne. Daga ranar maigida ya shiga abin da ya kira ɗanɗano. Yau ta babban kamfani, gobe ta wani ƙaramin gida da ke dafa tasa, a jero masa ƙananan kofuna biyar a kan katako yana kurɓa yana ba su maki a waya. Da na yi magana sai ya ce al'adar mutane yake koyo, wai wasu ma babu barasa a cikinsu, kuma ai bai bugu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, babban ɗanmu mai shekara 16 ya kurɓi kofin babansa, ƙanin ya yi dariya ya ce doka ta ba shi dama a can. Wata biyu ke nan da dawowarmu. Ban ga alamar yana sha ba, sallarsa ba ta canja ba, amma na kasa haɗa ido da shi, na kuma ƙaurace wa ɗakinsa. Yayata ta ce in kai ƙararsa wurin Hajiyarsu. Ni kuma ina tsoron sallata ta kwana arba'in saboda abin da na sha. Anti, yaya zan yi?

Uwar 'ya'ya uku, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da abin da kika sa a ƙarshe, don na san shi ne ke hana ki barci idan gida ya yi tsit.

Ba ki da laifi a kan kofin nan. An miƙo miki an ce lemo ne, kika yarda da maganar ƙanin mijinki, da harshenki ya gaya miki akwai wani abu kika ajiye. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara addu'a ce ta kada Allah ya kama mu idan mun manta ko mun yi kuskure, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah ya amsa ta. Maganar kwana arba'in a kan wanda ya san giya ce ya ɗaga ya sha take. Ko shi ma malamai sun ce sallar ba ta faɗi a kansa ba, dole ya ci gaba da yi, lada ne yake rasawa, kuma tuba na gyara hakan. Ke kam babu abin da za ki rama. Ki hau dardumarki da natsuwa.

Don ki san abin da aka ba ki: Radler rabinta giya ce, rabi lemo mai gas, barasar cikinta takan kai wajen kashi 2 da rabi cikin 100. Jamusawa da yawa abin kashe ƙishi suka ɗauke ta a lokacin zafi, sunan ma mai tuƙa keke yake nufi. Mai yiwuwa ƙanin mijinki ya daɗe a can har idonsa ya koma irin nasu. Amma ya san ke wace ce, ya san gidan da kika fito, ya san abin da ba kya sha. Zan dawo kansa.

Lambun da kika kwatanta na san irinsa, ina jin ma na san shi kansa. A tsakiyar babban filin shaƙatawa na Munik, wanda suke kira Lambun Ingilishi, akwai wata hasumiyar katako mai fasalin ginin mutanen Sin, kewaye da ita bencina ne da ke ɗaukar mutum wajen 7,000. Na zauna a wurin wata la'asar da aiki ya kai ni birnin. Tsakuwa ce shimfiɗe a ƙasa tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, masu busa na can saman hasumiyar, ga lilon dawakin katako yara na layin hawa. Wata tsohuwa a bencin kusa da ni ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ta ciro burodi da cuku da tumatir daga kwandonta, jikarta na barci a keken jarirai, sannan ta ɗaga wani ƙaton kofin gilashi da hannu biyu saboda nauyinsa. Babu ihu, babu faɗa, ban ga mai tangaɗi ba. Wuraren nan suna da asali. Tun ƙarni na 16 aka hana dafa giya a watannin zafi a Babariya, yankin da Munik take ciki, sai masu dafawa suka haƙa ɗakuna masu zurfi a ƙarƙashin ƙasa suna adana ta da ƙanƙara, suka dasa itatuwa masu faɗin ganye a sama don inuwa. Mutane suka riƙa zuwa suna sha a gindin itatuwan. A 1812 Sarkin Babariya Maksimiliyan na ɗaya ya halatta musu sayar da giya a wurin, amma ban da abinci in ba burodi ba, don kada su kashe wa masu gidajen abinci kasuwa. Shi ya sa har yau ake zuwa da kwando daga gida, da mata da yara da kakanni.

Na kawo miki wannan ne don ki ga ramin da mijinki ya faɗa. A Kaduna, mai son shan giya sai ya nemi lungu, ya ajiye mota nesa, ya waiga hagu ya waiga dama. Kunya na taya tsoron Allah gadi. Shekara da shekaru mijinki na da masu gadi biyu a ƙofarsa, bai taɓa sanin wanne ne ya fi riƙe ta ba. Da kuka sauka Munik ɗaya ya tashi daga aiki. Babu wanda ya san shi, babu mai cewa ga Alhaji wane can, abin kuma ya zo masa fes, cikin ladabi, da rana tsaka, a hannun ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ga shi ɗaya mai gadin ya yi rauni fiye da yadda shi kansa yake zato. Da yawa daga cikin mutanen da muke gani tsaf a gida ba a taɓa gwada su da irin wannan ba. Ban faɗi haka don in wanke shi ba. Na faɗa ne don idan kika zauna da shi ki san da wa kike magana: mutumin da ya zame, ba lalle ne mutumin da ya daɗe yana yaudararki ba.

Hujjojin da ya kawo miki kuwa ba sa tsayawa, kuma ina so ki san dalili don kada shakka ta kama ki.

Ya ce ɗanɗano. Mai ɗanɗana miya a bakin murhu haɗiyewa take yi, haka mai ɗanɗana giya. Su kansu alƙalan gasar giya haɗiyewa suke, domin ɗacinta sai ta wuce maƙogwaro ake gama jin sa. Mu yi lissafi. Ƙananan kofunan da ake jerawa a kan katako, kowanne yakan ɗauki kashi ɗaya cikin goma na lita, biyar sun zama rabin lita. Giyar yau da kullum ta Munik, wadda suke kira Helles, barasarta wajen kashi 5 ce cikin 100. Ƙananan gidajen da ke dafa tasu kuwa sukan yi masu ƙarfi, kashi 6, kashi 7, akwai nau'in Doppelbock da ke haura 7 ya doshi 8. Rabin lita mai kashi 7 ya fi babbar kwalbar giya ta Najeriya mai santilita 60 yawan barasa. Ƙaton kofin lambun nan kuma lita guda ne, ya fi kwalba ɗaya da rabi. Ga jikin da bai saba ba, wannan ya isa ya sauya wa mutum magana da dariya da tunani. Kuma mai sha shi ne na ƙarshen gane ya fara buguwa, don abin da zai auna kansa da shi, wato ƙwaƙwalwa, ita barasar ke fara taɓawa. Uban da ya kalli ɗansa na kurɓar kofinsa bai ce uffan ba, ya tambayi kansa ko da gaske yana cikin hayyacinsa a lokacin.

Ko da ma bai bugu ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Akwai wani hadisin da ya fi dacewa da matsalarku, yana cikin Bukhari da Muslim. Da aka aiki Abu Musa al-Ash'ari zuwa Yaman, ya yi tambaya a kan abin sha iri biyu na mutanen ƙasar, ɗaya na zuma, ɗaya kuma mai suna mizru da ake yi da sha'ir. Giyar sha'ir ke nan, 'yar uwar wadda ake dafawa a Jamus, kuma ta gargajiyar mutanen wurin ce, a gidajensu suke yin ta. Amsar da ya samu ita ce duk mai sa maye haramun ne. Tambayar baƙon da ya sauka a ƙasa mai abin shanta na gado an riga an yi ta tun zamanin sahabbai.

Ya ce al'ada. Na san labarin da ake ba baƙi a gidajen nan, don nima an ba ni. Za a nuna miki manyan tukwanen jan ƙarfe suna ƙyalli, a gaya miki dokar tsabtar giya ta 1516, wadda ta ce ban da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen kada a sa komai. A ce miki gidan Weihenstephan da ke garin Freising yana ƙirga tarihinsa daga 1040, a ce Jamus na da gidajen dafa giya wajen 1,500, manya da ƙanana. Mai son sani zai ji daɗin saurare, kuma saurare ba laifi ba ne. Sai dai tsabtar da dokar ke nufi ta kayan haɗi ce, ɗaya daga cikin dalilanta ma shi ne a bar wa masu burodi alkama. Hanyar dafawa kuwa ita ce dai ta burkutu: a jiƙa hatsi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya tashi har zaƙinsa ya koma barasa. Matar da ke dafa burkutu da dawa a ƙauye ita ma ƙaramin gida ce mai yin tata da hannu, kuma ita ma gadon iyaye da kakanni take riƙe. Mijinki ba zai zauna a gidanta da ƙoƙo biyar a gabansa ba. Gilashi mai kyau da takarda mai zane a jikin kwalba ne suka sa ya ga kamar wani abu ne daban.

Kuma ba wanda ya tilasta masa. Duk zamana a Jamus ba wanda ya tsuke mini fuska don na ce Apfelschorle nake so, wato ruwan tuffa da aka sirka da ruwa mai gas, ko Spezi, lemon kola da aka haɗa da na lemu. A lambun ma ana sayar da su, su kansu Jamusawa masu tuƙi da mata masu ciki su suke sha.

Maganar wasu babu barasa a cikinsu ita ce kaɗai ke da ɗan tushe, kuma adalci ne in faɗa. A Jamus an yarda a rubuta alkoholfrei, wato marar barasa, a kan giyar da barasarta ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Wadda kusan babu ko kaɗan ita ake rubuta wa 0,0. Mafi yawansu ko dai an dafa giya ce sosai sannan aka cire mata barasa, ko an tsayar da ita kafin ta gama tashi. Malamai sun saɓa a kansu. Wasu sun ce tunda komai yawan da ka sha ba za ka bugu ba, ba ta shiga hukuncin giya ba, kuma duk wanda ya je Umara ya ga irin su Barbican da Moussy a shagunan Saudiyya. Wasu kuma sun hana, saboda asalinta da kamanninta da wurin da ake shan ta. Wannan ba kamar Maltina ba ce da muka sani a gida. Idan ya tambaye ni, zan ce masa ga mutumin da ya riga ya ɗanɗana ta gaske har ya ba ta maki, mai kama da ita a ɗanɗano da ƙamshi da kumfa hanya ce ta komawa. Bakin rijiya ba wurin wasa ba ne. Amma kada ki bari gardamarku ta maƙale a nan, don shi kansa ya san kofuna biyar ɗin nan ba duka ne marasa barasa ba.

Kada ki je wurin Hajiya, aƙalla ba yanzu ba. Na san yayarki don ƙauna ta faɗa, amma magana zarar bunu ce. 'Ya'yan tsohuwar nan biyu ne a cikin labarin, ba ɗaya ba. Ko dai ta yarda zuciyarta ta karye, ko ta ƙi yarda ki zama surukar da ta ɗora wa 'ya'yanta sharri. Kowanne ya faru, kafin mako ya zagayo ƙannen miji da matan 'yan uwa sun ji. Sunan mashayi idan ya manne wa mutum a garinmu ba ya fita, kuma ba shi kaɗai zai ɗauka ba. Ranar da aka zo binciken auren 'ya'yanki, wani zai tuna. Mutum ne da a iya saninki ya bar abin wata biyu. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa, kuma mijinki ya fi kowa cancantar wannan daga gare ki. An taɓa kawo wa Annabi wani da ya sha giya aka hukunta shi, wani daga cikin mutane ya yi masa mugun baki, sai Annabi ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ki koma wurin yayarki ki roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninku.

Amma rufin asiri ba shiru ba ne, kuma shirun da kike yi ba ya gyara komai. Aurenku na nan, shan giya babban zunubi ne amma bai kashe aure ba. Wata biyu kina hukunta shi ba ku zauna kun yi maganar ba. Namiji idan aka juya masa baya haka, da farko yakan ji kunya, daga baya sai ya fara gaya wa kansa cewa shi aka zalunta, laifin nasa ya koma ƙarami a idonsa, naki ya girma. Yara ma suna gani. Sun san Mama ta daina zama idan Baba na cin abinci.

Ki zaɓi daren da babu wani faɗa a ƙasa, yara sun kwanta, ki same shi a ɗakinsa. Kada ki shiga da aya da hadisi a baki, ya san su, wataƙila ya fi ki sani. Abin da na rubuta a sama don zuciyarki ne ta tsaya, ba makami ba ne. Akwai ma hatsari a cikin gardamar hukunci: mutumin da aka matse a lungu yakan kare kansa har ya furta cewa abin ba haramun ba ne, kuma wannan furucin ya fi shan muni. Ki ba shi hanyar da zai ce na yi kuskure ba tare da ya ji an taka shi ba. Ki ce masa, "Alhaji, tun Jamus akwai abin da ke cina, na kasa faɗa shi ya sa na yi nesa da kai, kuma na san nesan ba daidai ba ne. Na ga abin da ban taɓa zaton zan gani a hannunka ba, na kuma ga ɗanmu ya kai bakinsa. Tsoro nake ji." Daga nan ki yi shiru. Ki bar shi ya yi magana ko da zai ɗauki lokaci.

Akwai tambaya ɗaya da dole ki yi, kuma ki shirya wa amsarta: a Jamus ya fara, ko ya taɓa sha kafin nan? Na ce haka ne saboda mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba yawanci ɗacin kan kore shi a karon farko, shi kuwa ya ci gaba kwana da kwanaki. Mai yiwuwa son burge ƙaninsa ne, mai yiwuwa kuma akwai tsohon tarihi na samartaka ko na tafiye-tafiyen aiki. Idan ya ce a can ya fara a can ya bari, kuma ya yi nadama, ki karɓa. Tubansa tsakaninsa da Allah ne, ba sai ya yi a gabanki ba. Kuma idan kin karɓa ki karɓa da gaske, kada Jamus ta riƙa fitowa duk ranar da kuka saɓa a kan kuɗin cefane.

Idan kuwa ya zamana abin ya daɗe yana yi a ɓoye, wannan wata magana ce, kuma tana buƙatar likita tare da malami. A nan Kaduna asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu fama da shaye-shaye. Wanda ya saba sha kullum da yawa, yankewa farat ɗaya ba tare da likita ba na iya jawo karkarwa har da farfaɗiya. Ko da ma sau ɗaya ne, ki lallaɓa shi ya gwada ciwon hanta nau'in B, don ya yi yawa a ƙasarmu, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, kuma barasa na gaggauta lalacewar hantar mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a watan Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Idan kuma ya ƙi sauraro ya ce zai ci gaba, a lokacin ne za ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, amininsa ko malaminsa, mai iya riƙe baki. Iyaye su ne na ƙarshe.

Yaron shi ya fi damuna, kuma na ga ke ma haka. Gaskiya ne a Jamus ɗan shekara 16 na iya sayen giya, masu ƙarfi kuma sai ya kai 18. Amma ƙasar nan dai ta hana wanda bai kai 21 ba ya tuƙa mota da ko ɗigo a jikinsa, don sun san ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba, kuma likitoci sun daɗe suna cewa wanda ya fara da wuri ya fi saurin zama bawan abin. Kurɓa ɗaya ba ta mai da ɗanki mashayi ba. Abin da ya ɗauko daga teburin nan darasi ne: cewa haramun na da iyakar ƙasa, cewa idan ba wanda ya san ka kana iya gwadawa, cewa kaɗan ba komai. Da wannan darasin ya dawo Kaduna, inda ba lalle giya za a miƙo masa ba. Ƙwaya za a miƙo masa, ko maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana tun 2018 amma bai ɓace daga hannun samari ba, kuma da kalmar za a miƙo: ɗan ɗanɗana kawai.

Ke ba za ki iya goge wannan darasin ba, domin ba daga gare ki ya koya ba. Idan kika zaunar da shi kika yi masa wa'azi, zai ji ki da ladabi, a ransa kuma yana ganin hoton babansa da kofi. Uban ne zai gyara. Wannan shi ne babban abin da za ki roƙa a wurin mijinki, ya fi neman gafararki muhimmanci. Ya ɗauki yaron su biyu, a mota ko bayan sallar isha'i a hanyar dawowa daga masallaci, ya ce masa, "Abin da ka ga na yi a Jamus kuskure ne. Haramun ne a can kamar yadda yake haramun a nan. Na tuba, kuma na fi jin nauyin barinka da na yi ka taɓa." Zai yi wa mijinki wuya, iyayenmu maza ba su saba cewa sun yi kuskure a gaban 'ya'yansu ba. Ki gaya masa girmansa ba zai ragu ba. Yaron ya riga ya ga faɗuwar, abin da bai gani ba shi ne yadda namiji ke tashi. Kada a dake shi, kada a tsare shi da tambayoyi kamar ɓarawo. Ƙannensa biyu ma suna wurin, a yi musu bayani daidai shekarunsu. Ku kuma duba wayoyinku duka, ta uban da ta ɗan, a goge hotunan teburin nan da makin da aka rubuta, kafin wani ya tura su cikin rukunin dangi ko na abokan makaranta.

Ƙanin mijinki ya yi miki laifi biyu, ya ba ki abin da ya san ba kya sha, ya kuma yi dariya a kan ɗanki. Ba ke za ki kira shi ba. Yayansa ne zai yi masa magana, ya kuma nemi ya ba ki haƙuri. Ban ce a yanke shi ba. Wanda ya daɗe shi kaɗai a ƙasar sanyi, abokan aikinsa duka a kan kofi suke hira, yana buƙatar a jawo shi kusa. Munik ba ta rasa Musulmi ba, babban masallacin unguwar Freimann yana nan tun 1973. Amma idan akwai shirin tura ɗanki karatu Jamus ya zauna a hannunsa, a dakata da wannan shirin sai an ga sauyi na gaske.

Idan Allah ya sake nufin ku da tafiya, ku yi maganar tun kafin a sayi tikiti: ba za mu zauna a teburin da ake shan giya ba, kuma kowa zai karanta jikin kwalba da kansa. Ku riƙa tambaya a kan abinci ma, don a Babariya akan zuba giya a cikin baƙar miyar nama, har da cukun nan da ake shafa wa burodi mai suna Obatzda. Titunan da ke kudu da babbar tashar jirgin ƙasa cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa. Gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum kaɗai zai cinye wa yara yini guda ba su gama ba.

Ki rubuto mini bayan kun zauna. Ina so in ji abin da ya amsa miki a kan ko a Jamus ya fara, da kuma abin da yaron ya ce wa babansa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya shirya mana zuriya.

Antinku